Ziyarata Kigali: Yadda Suka Yi wa Bishiya da Ruwa Wuri a Tsakiyar Gari

A watan Nuwamban bara na kai ziyara Kigali, babban birnin ƙasar Ruwanda, inda ɗan ƙanena yake karatun jami'a. Mahaifinsa ne ya yi niyyar zuwa, ciwon ƙafa ya hana shi, sai aka ce ni in wakilce shi. Ban yi wata jayayya ba, domin ni malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare a Kano, ina kuma da 'yar gonar renon dashe a bayan gida wadda nake rage zafi da ita, kuma na daɗe ina jin ana yabon wannan birni da tsafta da shuke-shuke, ina so in gane wa idona abin da suka yi wanda mu ya gagare mu.

Na bar Kano bayan sallar asuba a motar haya. Daga Kwanar Dangora zuwa Zariya da Kaduna babu wani abin faɗa illa shingayen bincike da aka saba, inda direba yake rage gudu ya gaisa ya wuce. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tsakanin Kaduna da Abuja, inda buhunan gawayi da tarin itacen girki suke jere a bakin hanya ƙauye bayan ƙauye, manyan motoci suna ta lodi. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ce lokacin da yake yaron mota dajin nan duhu gare shi da rana tsaka. Na kwana a gidan wani tsohon ɗalibina a Abuja, washegari ya kai ni filin jirgi.

Tafiyar sama ta ɗauke mu awa huɗu da wani abu, kuma agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya. Ɗan Afirka ba ya shan wahalar biza a can, a filin jirgin ake buga masa hatimin shiga. An duba fasfona da katin allurar shawara, aka tambaye ni inda zan sauka, shi ke nan. Sai dai a wurin ɗaukar kaya wata jami'a ta nuna ledar da aka naɗe mini akwati da ita a Abuja, ta miƙo mini almakashi cikin ladabi, na yanke ta da hannuna ta karɓa. Tun shekarar 2008 suka haramta ledar zuba kaya. Yaron ya riga ya gargaɗe ni, saboda haka yaji da kuka da daddawar da mahaifiyarsa ta ba ni saƙo duk a robobi masu murfi na zuba su.

Daga filin jirgin da ke Kanombe zuwa cikin gari ban iya ɗauke kaina daga tagar mota ba. Tsakiyar kowane babban titi an yi masa fili mai ciyawa da aka aske daidai, da jerin bishiyoyi masu kama da kwakwa, da furanni ja da rawaya, kowane shataletale kuma lambu ne sosai. Gari ne na tuddai, tsayinsa daga teku ya kai wajen mita 1,500, don haka titi ba ya miƙewa, sai hawa da gangara da kwana. Direban ya ce wanda duk ya buge ɗaya daga cikin bishiyoyin nan da mota, tarar da zai biya ta isa ta sa ya manta da gyaran motarsa, kuma ko a cikin gidanka ba ka sare bishiya sai da izinin hukuma. Na tambayi yaron ko haka ne, ya ce, "Baffa, ko ciyawar nan ba a takawa. Idan za ka tsallaka titi, ka nemi inda aka shata."

Mun kama ɗaki a Nyamirambo, unguwar da Musulmi suka fi yawa, a kan faran 25,000 kowane dare. Lissafin kuɗinsu bai ba ni wahala ba, domin a lokacin dala ɗaya tana wajen faran 1,400, ka ga darajarsa da ta naira ba su yi wa juna nisa ba. Ana jin kiran salla daga masallatai da dama, kuma abinci na halal bai zama matsala ba. Da daddare muka taka zuwa Biryogo, inda aka hana mota shiga wasu layuka, aka yi wa kwalta fenti kala-kala, masu abinci suka fito da tebura da kujeru tsakiyar titi. Muka ci shinkafa mai kayan ƙamshi da tsiren akuya, muka sha shayi, duka bai wuce faran 8,000 ba mu biyu. Mai shagon, wanda yake jin ɗan Larabci, ya gaya mini cewa da aka zo da maganar rufe layin su ne suka fi kowa ƙi, suna tsoron mai mota ba zai zo ba, yanzu kuwa kujeru ne ba sa isar su. Bishiya ba ta da yawa a nan, tukwanen furanni ne kawai a bakin shaguna, amma na lura cewa da zarar an fitar da mota daga layi, wurin zama da wurin shuka suna samuwa da kansu.

Washegari muka hau babur zuwa tsakiyar gari. Ɗan acaɓa a can mutum ɗaya yake ɗauka, kuma dole fasinja ya sa hular kwano. Na biya faran 1,000. Inda muka nufa shi ne titin da ake kira KN 4, wanda ya ratsa ta gaban ofishin magajin gari da manyan bankuna. A shekarar 2015 aka hana mota bin sa, ya yi shekaru yana nan kwalta ce tsirara da rana take duka, mutane suna ƙorafin an kashe musu kasuwa a banza, sai daga baya aka fasa kwaltar aka mayar da shi wurin tafiya da hutawa, aka sa masa suna Imbuga City Walk. Tsawonsa ya ɗan haura rabin kilomita.

Na daɗe a wurin nan fiye da yadda yaron ya so, domin ni aikin nake kallo. An shimfiɗa intalok maimakon siminti, wanda yake barin ruwan sama ya ɗan shiga ƙasa ta tsakanin duwatsun. Kowace bishiya an bar mata fili mai faɗi a gindinta, an rufe shi da ciyawa ko ƙananan tsirrai, ba kamar yadda muke yi ba, mu zuba kankare har wuyan bishiya sannan mu yi mamakin ta bushe ko saiwarta ta fasa dandamali. Ƙananan dashe an ɗaure su da sanduna don kada iska ta karya su. Akwai bencina, da hanyar keke, da wurin wasan yara, da banɗaki na jama'a, da 'yan rumfunan sayar da shayi da kayan hannu. Na tsuguna na tona ƙasar gindin wata bishiya da yatsa, na ji ta da laima da taki. Wata mata sanye da rigar aiki tana cire ciyawar da ba a so da ɗan ƙaramin wuƙa, sai ta tsaya tana kallona. Yaron ya yi mata bayani da guntun yarensu da ya koya, ta yi dariya, ta ce wannan ɓangaren nata ne, daga wancan benci zuwa wancan fitila, kullum da safe take zuwa, kuma a ƙarshen wata ana biyan ta ta hannun ƙungiyarsu. Idan wani abu ya bushe a tsakanin nan, ita za a tambaya.

Wannan magana tata ita ce mafi amfani da na ji a duk tafiyar. Mu ma muna dashe, har ma muna yi da yawa. Kowace damina ana ƙaddamar da gangamin dashen bishiya, manya su zo da manyan riguna, a miƙa musu shebur mai ƙyalle, a dasa, a ɗauki hoto, a watse. Ni kaina an sha sayen dashe a hannuna don irin wannan biki, in wuce ta wurin bayan wata biyu in tarar awaki sun cinye kan, kwandon kariyar kuma wani ya ɗauke ya kai gida. Ba wanda za a tambaya, domin tun farko ba a ce ta wane ce ba, kuma kuɗin da aka ware na sayen dashe ne da hayar rumfa, babu na mai ban ruwa. A Kigali kuwa bishiyar titi tana da ma'aikaci da albashi da mai duba aikinsa.

Duk da haka, kada a ɗauka wurin ya cika da jama'a. Da rana tsaka ma'aikatan banki ne da masu yawon buɗe ido da 'yan makaranta, inuwar ma ba ta gama haɗuwa ba saboda yawancin bishiyoyin ƙanana ne. Ban ga mai talla ko ɗaya ba, babu mai gyaɗa, babu mai rake, babu mai gyaran takalmi, domin talla a titi haramun ne a birnin. An gina wa 'yan talla ƙananan kasuwanni, amma wata mai sayar da fiya da na gani a wani lungu da kwando a ka, idonta yana kan hanya, tana ganin jami'an tsaro ta ɓace. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun sha yin ƙorafi kan yadda ake kama irin waɗannan mutane ana tsare su. Ni dai a ganina, lambun da talaka ba zai iya neman abincinsa a gefensa ba akwai sauran gyara a cikinsa, kuma wanda ya ce zai yi haka a Kantin Kwari ko Sabon Gari bai san Kano ba.

Ruwan sama ya kama mu a hanyar komawa, irin mai sauka da ƙarfi na ɗan lokaci. Muka fake a wata baranda, na samu damar ganin yadda ruwa yake tafiya a garin tudu. Magudanan ruwansu an gina su da dutse, wasu da matakala don rage wa ruwa gudu, kuma saboda babu leda, ban ga inda ya toshe ba. Gangaren da ba a yi gini ba an dasa masa ciyawa da itatuwa don riƙe ƙasa. Amma duk ruwan nan ƙasa yake nufa, kuma a Nyabugogo, inda babbar tashar mota take a cikin kwari, ambaliya ta daɗe tana addabar su. Da muka je can na ga jan ruwa yana gangarowa daga unguwannin talakawa da ke manne a jikin tudu, gidajen laka da rufin kwano a cunkushe, babu filin da za a dasa ko da tumatir. Wannan ma Kigali ce, ko da yake ba ita ake sakawa a hoto ba.

Daga nan ne na fahimci dalilin da ya sa suka mayar da hankali kan fadamu. Ranar da muka je Nyandungu ita ce ranar da ta fi yi mini daɗi. Fadama ce da ke kusa da hanyar filin jirgi, wadda a da noma da kiwo da gine-gine suka lalata, aka gyara ta aka buɗe wa jama'a a shekarar 2022. Faɗinta hekta 121, an dasa bishiyoyi kimanin 17,000 daga nau'o'i 55 na asalin ƙasar, an haƙa tafkuna da suke tare ruwan da ya gangaro daga tuddai su riƙe shi ya sauka a hankali, ciyayin ruwa kuma suna tace dattin kafin ya wuce gaba. Akwai hanyar ƙafa da ta keke mai tsawon kilomita 10, da lambun itatuwan magani, da wani lambu na tunawa da ziyarar da Fafaroma ya kai ƙasar a 1990. Yaron ya yi hayar keke, ni kuwa na taka da ƙafa tare da wani matashi mai yi wa baƙi jagora. Ya nuna mini gauraka guda biyu suna kiwo a bakin ruwa, tsuntsun da rabon da in gan shi a fili tun ina yaro a fadamar garinmu. Ya ce sun guji cika wurin da bishiyar turare, duk da cewa ita ce ta mamaye tuddan ƙasar, saboda tana shanye ruwan ƙasa kuma ba ta barin komai ya tsiro a ƙarƙashinta. Iskar wurin ta fi ta bakin titi sanyi, kana fita ƙofa kana jin bambanci a jikinka.

Ba su tsaya a nan ba. Masana'antun da ke fadamar Gikondo an tashe su an mayar da su wani yanki da aka keɓe a Masoro, kuma na ga manyan motoci suna aikin gyara wannan fadama tare da wasu huɗu a cikin birnin. An kuma tashi dubban mutane daga gidajen da ke cikin fadamu da wuraren haɗari, musamman a ƙarshen 2019, kuma maganar diyya ta jawo ce-ce-ku-ce. Na yi ƙoƙarin jan jagoran da hira a kan wannan, sai ya ce ruwa ba ya neman izini kafin ya koma hanyarsa, ya canza magana. Mutanen can ba su cika sakin baki da baƙo kan abin da ya shafi hukuma ba.

Ina tsaye a bakin tafkin nan Kano nake tunani. Kududdufan da ke cikin birni da kewayensa, waɗanda aka haƙa garin ɗibar ƙasar gina gidaje da badala, su ne suke shanye ruwan damina shekaru aru-aru. Mun mayar da su juji, sannan muka cike su muka yanka filaye muka gina shaguna, yanzu ruwan awa ɗaya ya isa ya tsayar da gari cak, ya shiga ɗakunan mutane. Rafin Jakara ma an kama shi da kankare. Da an ɗauki kududdufi biyu ko uku da suka rage an kwashe shara, an hana zuba ruwan kwata, an kewaye su da itatuwa da wurin zama, da mun samu abin da waɗannan mutane suka kashe maƙudan kuɗi suna maidowa. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu gari ya rayu a gindin bishiya: Durumin Iya, Ceɗiyar 'Yan Gurasa, Rimin Kira, Kurna, Tsamiyar Boka, duk unguwanni ne da bishiya ta ba su suna, a gindinta ake ciniki da hira da shari'ar maƙwabta. Manyan maɗatan da ke titunan Nasarawa da darbejiyar da ta lulluɓe Maiduguri wasu ne suka dasa su suka kuma yi musu ban ruwa har suka kama. A Yamai ma tun shekarun 1960 aka fara kewaye gari da dajin darbejiya, wanda gine-gine suke ta cinye shi yanzu.

Sai dai dole a faɗi bambancin da ke akwai don kada a yi kwaikwayon makaho. Kigali tana da damina biyu a shekara, ɗaya daga Maris zuwa Mayu, ɗaya daga wajen Oktoba zuwa Disamba, zafinta kuma bai kai rabin wahalar namu ba. Mu muna yin wata bakwai ko takwas babu ɗigon ruwa, ga hunturu, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Wanda ya shimfiɗa koriyar ciyawa da furannin waje a tsakiyar titin Kano, a garin da mutane suke sayen ruwa a jarka wurin 'yan garuwa, ɓarna ya yi. Abin da ya dace da mu shi ne bishiyar inuwa mai jure fari, irin su darbejiya da maɗaci da tsamiya da marke da durumi, a dasa a farkon damina, a kare ta daga dabbobi, a shayar da ita rani biyu ko uku, daga nan ta riƙe kanta. Sannan mutanen Kigali a ƙidayar 2022 miliyan 1.7 ne, Kano kuwa ta ninka haka.

Ranar Lahadi da safe na ga an rufe wasu manyan tituna, jama'a suna gudu da tuƙa keke, ana gwada hawan jini kyauta a gefe. Sau biyu a wata suke yin haka. Asabar ɗin ƙarshen wata kuma ta same ni a can, ranar aikin gayya da suke kira Umuganda. Mu ma muna da tsaftar muhalli ta ƙarshen wata, sai dai tamu yawanci hana fita ce, mutum ya yi barcinsa har ƙarfe goma ta yi. A can daga takwas zuwa sha ɗaya shaguna a rufe suke, mutanen layinmu suka fito da fartanya da adda da shebur, mai unguwarsu yana riƙe da takarda. Mai masaukinmu ya ba ni fartanya, muka yashe magudana muka dasa ciyawa a wani gangare da ruwa ya fara ci. Bayan an gama aka zauna a ƙasa aka yi taro, inda wata tsohuwa ta kai ƙarar maƙwabcinta da ruwan rufinsa yake zuba mata a tsakar gida, aka ba shi wa'adin sa indararo da tanki. Akwai tara ga wanda ya ƙi fitowa ba da uzuri ba, saboda haka ba zan ce kowa don Allah ya zo ba, amma aikin an yi shi.

Na yi sallama da yaron na bar masa abin da ya rage mini na faran. Dawowa ba ta da wani labari, illa ƙurar hunturu da ta tarbe mu tun daga Abuja.

Da na huta na je wurin mai unguwarmu da maganar kududdufin da ke bayan makarantarmu, wanda rabinsa ya riga ya zama juji, da kuma layin kasuwar da babu inuwa ko ɗaya. Na ce dashen ni zan bayar kyauta, maɗaci da darbejiya, da sharaɗin kowace bishiya a rubuta sunan mai shagon da za ta tsaya a gabansa, a kuma haɗa kuɗin kwandon kariya da na ɗan garuwa kafin a haƙa rami ko ɗaya. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Malam, maganar layin kasuwa mai sauƙi ce, zan tara su bayan sallar Juma'a. Amma kududdufin nan, ka bari tukuna, domin na ji an ce akwai masu takardarsa." Masu shaguna sun amince da dashen, mai shayi da mai faci ne ma suka fara biyan nasu kason, kuma mun tsayar da watan Yuni idan ruwa ya zauna. Batun kududdufin yana wurin dagaci.